Ƙyallen Awon Alhaji Ɗanlami

Jiya na ji ɗaya daga cikinku a teburin mai shayi yana faɗin inci nawa ne ƙugun wani mutum da ya kawo mana ɗinki, ana ta ƙyaƙyata dariya. Ban tanka ba don akwai baƙi. Yau babu baƙo, saboda haka a tsayar da keke, a ajiye waya. Ku a ganinku ɗinki taka keke ne kawai. Kun yi wata shida a shago, kun iya zura zare a ƙoshiya, kun kalli wani a waya yana yanka yadi, shi ke nan kun zama teloli, har kuna ce mini Baba ya tsufa. To na tsufa. Amma akwai abin da tsufan ya koya mini da tsada, kuma yau sai kun ji shi ko ba ku so.

Shekara huɗu na yi a gaban Baba Iro a Tofa kafin ya yarda na sa almakashi a shaddar mutum. Shekarar farko ban san komai ba sai hura gawayi a dutsen guga, da sa maɓalli, da zura tazuge a wando. Baba Iro bai san lamba ba, bai taɓa rataya tef a wuya ba. Tsawon riga da na hannu, da kamu yake aunawa ya riƙe a kansa. Faɗin jiki kuwa, tun da shi ne ke canzawa, kowane mai kawo ɗinki yana da siririn ƙyallensa a rataye a ƙusa. Za a zagaya shi a cikin mutum, inda ya haɗu a yi ƙulli. In mutum ya ƙara jiki a yi sabon ƙulli a gaba, ba a kwance tsohon. Wata rana wani ya shigo ya tambaye ni na wane ne wannan dogon, ni kuma da rawar kai na faɗa. Baba Iro ya bari sai da mutumin ya fita, sannan ya ɗauki katakon da muke ja layi da shi ya sauke mini a gadon baya.

Ya ce, "Sabo, tela da wanzami da mai wankan gawa, su ukun nan ne ke ganin abin da riga ta rufe. Duk wanda ya buɗe baki a cikinsu ya ci amana."

Na ji dukan, na kuma ɗauka na ji maganar. Da na buɗe shagona a garinmu na sayi tef kamar kowa, amma ban bar ƙyallen ba.

Rigar angwancin Ɗanlami ita ce babban aiki na farko da na yi da sunana. Tare muka yi kiwon awaki da shi, kuma a lokacin siriri ne kamar karan dawa, har sai da na ƙara wa rigar shafi don kada iska ta yi wasa da ita a jikinsa. Daga baya ya shiga harkar hatsi, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya gina sito a bakin kasuwa. Da kaka manoman ƙauyukan nan kan kawo masa gero da dawa da wake su ajiye, babu takarda babu shaida, sai hatsi ya yi daraja su zo su ɗauka ko ya sayar musu. Da wannan ajiya yake cin abinci. Kun san abin da ya sa suka yarda da shi? Ba gaskiyarsa kaɗai ba, ko da yake yana da ita. Tumbinsa ne. Da kunnena na ji wani dattijo yana cewa mutum mai wannan jiki ba zai ci buhun talaka ba, ai ya ƙoshi. Cikin shekara talatin sau biyu ina yi wa ƙyallensa ƙari.

Ɗinka wa mai jiki ba wasan yara ba ne, kuma a nan ake gane tela. Ku sai ku auna tsawo ku yanka gaba da baya daidai, mutum ya sa jamfa gaban ya ɗage kamar an rataye shi. Gaba sai ya fi baya tsawo, gwargwadon tumbin. Hammata sai an sa mata ƙari, hantsar wando sai an bi ta sau biyu, wuya a sake shi, aljihu a sauke shi inda hannu zai kai ba tare da mutum ya yi nishi ba. Ni na san duk wannan a jikin Alhaji, na kuma san abin da mutanen kasuwa ba su sani ba. In na sunkuya zan auna shi, numfashinsa nake ji a kaina kamar zuga-zugin maƙera. Ƙafafunsa a kumbure suke. A masallaci kujerar roba ake ajiye masa a ƙarshen sahu, da ka yake nuna ruku'u da sujada. Mutane na cewa hutu ne, Alhaji ya ji daɗi.

Sai ga shekarun nan da kuka gani da idonku, lokacin da kwanon gero ya gagari mai iyali. Sana'ar ɗinki ta koma faci da ragi. Na daina kunna janareta, na koma taka keke da ƙafa kamar zamanin Baba Iro. Da sallah wani ya kawo mini babbar rigarsa guda ɗaya, ya ce in fitar wa 'ya'yansa biyu da kaya a ciki, na kuma fitar. Magidanta suka riƙa kawo wandunansu a rage musu, suna cewa wai tun asali ya yi musu yawa. Ni na ɗinka wandon, na san bai yi yawa ba. Sai in ce haka ne, in karɓa.

A cikin wannan hali Alhaji Ɗanlami ya shigo wata rana bayan la'asar, ya zauna a benci har ya yi ƙara, ya ce in tura ƙofa.

"Sabo, na je Kano wajen likita. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce sukarin nan, da hawan jinin, da zuciyar, duk tumbin nan ne ubansu. Hanya biyu ya ba ni. Akwai wata allura, sau ɗaya a sati, ni zan riƙa yi wa kaina a fatar ciki. Tana kashe cin abinci, jiki ya riƙa sauka a hankali. Amma tana da tsada, a firji take zama, kuma in na bari jikin zai dawo. Ɗayar kuma tiyata ce, a rage mini tumbin gaba ɗaya, daga nan har in mutu loma kaɗan zan riƙa ci. Sai dai ya ce yadda zuciyar take yanzu ba zai kwantar da ni ba, ko aikin nake so sai na fara saukewa. Kai me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, ni tela ne, ban san aikin likita ba. Abin da na sani, rigar da za ta gyaru da ragi ba na gaggawar sa mata almakashi. In ka yanke, ka yanke."

Ya yi dariya ya ce shi ma can hankalinsa ya fi kwanciya. Ya sayi ɗan firji mai aiki da hasken rana ya ajiye a ɗakin matarsa, Hajiya Ladi. Daga ita sai ni muka san maganar, ya kuma roƙe ni kada ta fita.

Ragin kayan Alhaji ya fi sabon ɗinki wuya, kamar kowane ragi na gaskiya. Sai ka bi ɗinkin da reza ka warware shi tiryan-tiryan ba tare da ka taɓa yadin ba, ka daidaita gefe biyu don kada aikin ƙirji ya karkace, sannan ka mayar. Abin da ya yi saura ba na yankewa, ninke shi nake yi a ciki in bi shi da guga, haka aka koya mini. Duk bayan 'yan makonni za a kawo mini kayansa a buhu kamar na wanki. A karo na farko cikin shekara talatin, ƙulli ya fara komawa baya a jikin ƙyallensa. Ƙafa ta saɓe, takalmin da ya jefar ya koma shiga. Babbar riga kuwa mai rufin asiri ce, ba kowa ya lura ba.

Wata na huɗu ya shigo da hantsi, ya tura ƙofar da kansa. Ya ce, "Ba ni buzunka." Na ba shi. Ya fuskanci gabas ya tayar da nafila a tsaye, ya yi ruku'u, sannan a hankali, yana dafa gwiwa, ya sauka har goshinsa ya taɓa ƙasa. Buzun ya yi masa gajere, goshin ya sauka a kan daɓe. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya sallame na ga ƙura a goshinsa, na miƙa masa tsumma.

Ya ce, "Bar mini ita. Shekara shida rabona da ita."

Ranar na auna shi, na yi ƙulli, na ɗaure ƙullin da jan zare don murna. Na sa tef na gwada daga nan zuwa ƙulli na ƙarshe: inci bakwai.

Da yamma muna zaune a majalisa a gindin dalbejiyar ƙofar shago, Alhaji ya wuce a ƙafa, ya yi mana sallama. Mati dillali ya bi shi da kallo ya ce, "Ni kam kamar rigar Alhaji ta fara yi masa yawa, ko idona ne?" Murnar safiya tana cina. Ban san sanda na ce ba, "Idonka ƙalau. Inci bakwai ya sauke, ni na auna."

Wallahi alheri nake nufi. Amma kowa ya juyo ya kalle ni. Mati ya ce, "Inci bakwai? Cikin wata nawa?" Wani ya ce, "To, tela ne fa ya faɗa." A take na ji katakon Baba Iro a bayana, bayan shekara talatin da 'yan kai. Magana zarar bunu ce. A da zargi ne kawai, ido ya gani ya yi shakka. Yanzu an sami shaida daga wanda ya zagaya masa ƙyalle.

Kafin ranar kasuwa labari ya kai har Dawakin Tofa. Wasu suka ce ya karye, tunani ne ke cin sa. Wasu suka ce ya sayar da hatsin mutane ya zuba kuɗin a wata harka ta nutse. Wasu suka rage murya suka ce ciwon zamani ne. A garin da kowa ke ramewa don yunwa, ba wanda ya taɓa jin mutum ya rame don lafiya. Ranar kasuwa amalanke suka yi layi a ƙofar sito. Ina tsaye ina kallo. Alhaji ya buɗe ƙofa biyu, ya zauna a bakin, kowa ya faɗi buhunansa aka fito masa da su, ko kwano ɗaya bai yi ciwon kai ba. Kuna tsammani sun ji kunya? Wani tsoho da ya shekara ashirin yana ajiya a wurinsa ya ɗaure kayansa ya ce, "Alhaji, ba don komai ba ne, ka san ido ba ya ƙarya." A hanya kuma suna cewa Allah ya taimake su sun zo da wuri. Har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu.

Washegari ya zo shago. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

"Sabo, kai ka faɗa?"

"Ni ne, Alhaji."

"To kai za ka gyara. Ka ɗinka mini jikin da na rasa."

'Yar cikin da na yi masa ita ce aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, ita ce kuma na fi jin kunyarta. Na sami siririn soso da auduga, na jera su hawa-hawa, kauri a ciki, sirara wajen haƙarƙari da kafaɗa, na bi su da ɗinki layi-layi don kada su dunƙule, na rufe da farin yadi mai laushi. In ya sa jamfa a kai, ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. A cikin zafin bazara ya riƙa yawo da wannan abu, gumi na tsiyaya har ƙafa. Amma tela ba ya ɗinka wuya, ba ya ɗinka kumatu. Mutane suka ga fuska a zabge, ciki a cike, suka ce ai ga shi nan, kumburi ne, ciwon ya kai inda ya kai. Ragowar masu ajiya su ma suka kwashe.

Wata rana sai kawai na ga Alhaji a tsakiyar kasuwa, a gaban mai tsire, an tara masa nama a takarda, ga kwanon fura a gefe, yana ci yana kiran duk wanda ya wuce. Na gane ya bar allurar. Na rufe shago na bi shi gida, na same shi a zaure, na manta da girmansa na yi ta faɗa.

"Alhaji, kashe kanka za ka yi saboda bakin su Mati? Ka tara su ka faɗa musu gaskiya mana! Ka nuna musu allurar!"

Ya bari na gama, sannan ya ce, "In ce musu me? Maƙwabcina Malam Audu ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya auni dawa. In tsaya a gabansa in ce ni kuɗi nake biya don in kasa cin tuwo? Ka fi kowa sanin mutanenmu. Yanzu ɓarawo suke zato. Ranar za su ce mahaukaci ne mai butulce wa Allah, kuma wa zai ba mahaukaci ajiya? Mutum goma sha huɗu ke ci a gidan nan, Sabo."

Gaskiyar maganarsa ta ƙara mini haushi.

Ya ce, "Aikin zan yi. Wanda aka yi wa tiyata kowa ya san dalilin ramarsa. Za su zo dubiya da lemo, su ce sannu Alhaji, Allah ya sa kaffara ne. Wanda ya rame a kwance tausayinsa ake ji. Wanda ya rame a tsaye shi ake zagi."

Na ce, "Ai likita ya ce ba zai yi ba sai ka sauke."

"Na sani. Bari jiki ya dawo, a yi kaka, buhuna su shigo. Sai in tafi Kano in zauna wajen ƙanena, in yi allurar a can inda ba a san ni ba, a yi aikin, in dawo."

Sauran yadin nan da nake ninkewa a ciki, da hannuna na warware ta, riga bayan riga. Jikin ya dawo kamar yana jiran a kira shi. Ya wuce jan zare, ya wuce ƙullin baya, ya wuce na ƙarshe, sai da na yi wa ƙyallen ƙari na uku. Kujerar roba ta koma ƙarshen sahu. Kuma ku ji mutanen garinku: "Masha Allah, Alhaji ya murmure." "Kai, ashe jifa aka yi masa, Allah ya karya." Da kaka sito ya cika har rufi. Tsohon nan mai cewa ido ba ya ƙarya shi ya fara kawo nasa.

Ya sa na ɗinka masa jamfa biyu masu maɓalli har ƙasa, don sauƙin cirewa a asibiti. Na gama na goge na kai masa. Ya ce bari a gama shigo da wake. Aka gama, ya ce bari farashi ya tsaya, ba zai bar amanar mutane a hannun yara ba. Duk sati ina zuwa in tsaya a ƙofar sito in ce, "Alhaji, yaushe?" har ya fara kauce mini. Wata Alhamis a sallar azahar, liman ya sallame, kowa ya sallame, Alhaji yana kan kujerarsa kai a sunkuye. Na kusa da shi ya taɓa shi ya ce an idar.

Ni na ɗinka likkafanin. Ban nemi awo ba.

A maƙabarta, muna dawowa, Mati yana gefena yana girgiza kai. Ya ce, "Allah sarki. Mutum lafiyayye, jiki ya dawo masa ɓul-ɓul, ashe kwana ya ƙare." Na tsaya cak. Maganar ta zo mini har baki, ta allurar, ta soson, ta goshin nan mai ƙura. Na dube shi, na dubi sauran, na haɗiye. Ba ni da izinin faɗa. Ranar na yi shirun da ya kamata in yi a gindin dalbejiya.

Kada wani ya yi mini wa'azi. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na karanta kamar yadda kuka karanta. Amma Allah zai tambayi kowa abin da bakinsa ya aikata, kuma a wannan layin ni ne a gaba, su Mati suna bayana. Ina jin haushinsu har gobe, ina jin haushin garin da yake auna amana da tumbi, amma ba su suka zagaya masa ƙyalle ba.

Da Hajiya Ladi ta fita takaba ta aiko mini da ƙunshi. Na buɗe na ga 'yar cikin nan ta soso, an wanke ta an ninke. Saƙon da ta haɗo da shi gajere ne: a ce wa Malam Sabo ya ajiye, ya nuna wa yaran da yake koya wa ɗinki, ya faɗa musu komai. Shi ya sa kuka ji wannan labari, ba don bakina ya sake kwancewa ba.

Daga yau duk wanda ya ƙara faɗin awon mutum, a wajen mai shayi ko a ɗakin uwarsa, ya ɗauki takalminsa ya nemi wani shagon. Kai mai dariyar jiya, tashi. Ka ga ƙyallen can mafi tsawo, mai ƙari uku, a ƙusar bayan ƙofa? Sauko da shi. Bi shi da yatsa har ka kai jan zare. Riƙe wurin. Nan ne goshinsa ya taɓa ƙasa, kuma daga nan zuwa ƙarshen ƙyallen, duk bakina ne.